Kunnen Shanun Baffa

Litinin, 26 ga Satumba, 1983. Hantsi, filin jirgin saman Legas

A Sakkwato na sayi littafin nan don in riƙa tara kalmomin yaren mutanen da za mu je wurinsu, sai ga shi na fara da kaina. To, in fara. Ni Atiku Mamman Gwandu, malamin huji, wanda ya shekara uku yana bin shanun mutane da allurar rigakafi daga Kalgo har Dangoma, yau ni ne gwamnati ta ɗauka in je Bulgeriya in karanto likitan dabbobi. Ɗakin jarrabawar cike yake maƙil ranar da muka zauna, mutum biyu aka ɗauka daga ɓangarenmu. In ban yabi kaina a nan ba, wa zai gani?

Na biyun shi ne Garba, ɗan masunta daga Kalgo, shi aikin madatsar ruwa zai karanta. Tun da muka bar Birnin Kebbi bakinsa bai huta ba. Bahillace yake kirana, ni kuma ina kiransa Sarkin Ruwa, mun daidaita a haka.

Rakiya dai na sha ta. Har bakin titi mutanen rugarmu suka kawo ni, ƙanwata Kubura na ɗauke da jakata a ka, ta cusa mini busasshiyar fura a ciki kamar wanda zai tafi inda ba a cin abinci.

Baffa bai fito ba. Ya kora garke tun ban tashi ba. Ni ne ɗan farinsa, kunya ba ta barinsa ya kira sunana ko ya dube ni ya yi magana, wannan ba sabon abu ba ne. Amma duk tafiyar da na taɓa yi, ko ta kwana biyu ce, yakan bar wa Inna saƙo, ita kuma ta juya baya ta faɗa wa bango: an ce Allah shi tsare. Wannan karon na tsaya bakin bukkarta na tambaya ko an bar mini saƙo. Ta ce in gyara hulata.

Shekara shida zan yi. Na taho ba albarkar mahaifina, kuma ban yi laifi ba.

Talata, 27 ga Satumba. La'asar, Sofiya

Mun sauka. Sarkin Ruwa, mutumin da yake shiga gulbi tsakiyar damina a kwale-kwalen da bai fi akushi ba, shi ne ya damƙe hannuna a jirgi yana salati da ƙarfi har wata tsohuwa ta miƙo masa alewa. Ni ko gezau. Na dai ɗan damƙe kujera da za mu sauka, amma ba wanda ya sani.

Garin yana gindin wani ƙaton dutse, ko'ina ka juya yana kallonka. Gidaje dogaye iri ɗaya, jirgin ƙasa yana yawo tsakiyar titi yana kaɗa ƙararrawa, taramwai suke ce masa. An ba mu ɗaki a hawa na huɗu, ni da Garba. Shekara guda za mu yi a nan muna koyon yare kafin a raba mu. Sanyi kuwa, wai bai ma fara ba.

Alhamis, 29 ga Satumba. Bayan Azahar

Yau saura ƙiris mu tafka abin kunya. A ɗakin cin abinci na nuna wa matar da ke rabo naman da ke tukunya, Garba ya tura hanci sama da yatsa ya yi gurnani, wato muna tambaya ko alade ne. Ta girgiza kai. Muka ce alhamdu lillahi, muka miƙa kwano. Sai ga wani ɗan Sudan da ya shekara biyu a nan ya riƙe hannuna. Ashe mutanen nan in sun girgiza kai, e suke nufi, in sun gyaɗa kuma a'a! Tabɗi. Garba ya ce: "Bahillace, ƙasar da kai ke yin ƙarya, ina ga baki?"

Shi ɗan Sudan ɗin ya biyo mu ɗaki, ya ga inda muka shimfiɗa darduma, ya yi dariya har da riƙe ciki. Mu dai gabas muka nema muka fuskanta kamar a gida, ashe alƙibla a nan ta karkata kudu sosai. Mun gyara.

Asabar, 1 ga Oktoba. Safe

Na rubuta wasiƙa gida, ta hannun limamin unguwarmu a Gwandu, shi zai karanta musu. Na gaida kowa da sunansa. Ban tambayi garke ba.

Laraba, 5 ga Oktoba. La'asar

Allah mai iko! Akwai kindirmo a garin nan. A kwalba suke sayar da shi, kiselo miliyako, wato nono mai tsami. Na buɗe na shinshina, na ɗanɗana, na ce to, waɗannan mutane ne. Bai kai na Inna ba, don ba a kaɗa shi a ƙwarya ba, kuma saniyar da ta ba da shi ba ta san ciyawar fadama ba, amma babu laifi. Na jiƙa furar Kubura na dama. Garba da ke cewa fura abincin ragwaye ce, shi ya shanye rabi ya lashe cokali.

Malamarmu ta yare, Malama Donka, gajeriya ce mai farin gashi, tana tafiya kamar ana biye da ita. Haruffansu talatin, kwana huɗu na yi na haddace su. Yau ta sa ni na tashi na karanta allo gaban 'yan ƙasashe tara, ta tafa mini. Na ce a raina, Malama, wanda ya san saniya da saniya cikin garke tun yana shekara biyar, harafi ne zai gagare shi?

Juma'a, 14 ga Oktoba. Bayan Juma'a

Mun sami masallacin, guda ɗaya ne a tsakiyar gari, tsofaffi ne kawai a ciki, sahu biyu bai cika ba. Kusa da shi ruwan zafi ke fitowa daga ƙasa, mutane na layi da kwalabe. Garba ya tsaya yana kallo kamar ya ga ɗan uwansa.

Wani tsoho ya riƙe hannuna bayan sallah ya daɗe yana addu'a da yarensu. Tsayinsa ɗaya da Baffa. Na zare hannuna da wuri, ban san dalili ba.

Talata, 18 ga Oktoba. Hantsi, tsakanin darasi

Darasin iyali aka yi. Kowa ya tashi ya faɗi aikin mahaifinsa. Na ce nawa makiyayi ne, kuma daga Gwandu har bakin gulbi babu mai shanu masu kyan nasa. Wannan gaskiya ce. Malama Donka ta ce shanu nawa? Na ce mu ba ma ƙirga shanu, sunansu muke kira, kowace da sunan launinta. Ta ji daɗi, ta sa na rubuta uku a allo da haruffansu: Wule mai farar fuska, Woɗe ja, Ɓale baƙa.

Sai ta ce, me ya ce maka da za ka taho? Na ce ya ce in yi karatu.

Na haɗa jimlar daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ta ba ni maki shida, shi ne maki mafi girma a nan.

Asabar, 22 ga Oktoba. Azahar

Ba wasiƙa.

Litinin, 24 ga Oktoba. Bayan La'asar

Garba ya sami wasiƙa daga wansa Lukuman, malamin firamare a Kalgo. Yana karanta mini da ƙarfi yana dariya, labarin gero da na wanda ya yi aure, sai ya kai wani wuri ya tsaya ya ninke takardar. Na ce ci gaba. Ya ce ai ta ƙare. Na fizge ta.

Bushiya, annobar shanu, ta shigo. Ta fara daga Dangoma, ta tsallaka Diggi. Lukuman ya ce shanu na zubar da hawaye da yawu, su yi zawo kwana uku su faɗi, an daina fiɗa sai dai a haƙa rami. Ya ce akwai wanda ya wayi gari da sanda kawai a hannu. Fulani sun cika ofishinmu na dabbobi suna neman huji, maganin bai isa ba. Bai ambaci Gwandu ba.

Na mayar wa Garba takardarsa na ce ai na faɗa tun da bazara, ba wanda ya saurare ni.

Talata, 25 ga Oktoba. Safe

Ban je aji ba. Bari in rubuta abin sau ɗaya in huta.

Tun da muka ji bushiya ta ɓulla gabas nake bin Baffa, ta bakin Inna, ta bakin Kubura, ya bari a yi wa garkenmu huji. Ya ƙi. Ba allurar yake ƙi ba. Dokar aikinmu ce duk saniyar da aka yi wa, sai a ɗan cire mata gefen kunne don a gane ta. Mu kuma gidanmu muna da tsagarmu ta gado a kunnen hagu, tun kakan kakansa. Ya ce wa Kubura, ina tsaye ina ji: "Ki ce ma wancan, kunnen shanuna ba takardar gwamnati ba ne."

Bayan Babbar Sallah ya tafi Diggi gaisuwar mutuwa, kwana biyu. Na ɗauko magani daga Birnin Kebbi a filas da ƙanƙara, na zo da abokan aikina biyu. Inna ta shige bukka ta ja asabari. Kubura ta riƙe mana maruƙa. Muka yi wa kowace, babba da ƙarama, na cire musu gefen kunne da hannuna, don in ba shaida wata rana wani ya sake yi ko ya ce ba a yi ba. Guda ɗaya na bari, Nore, tsohuwar saniyar da ta fito daga tsatson wadda mahaifinsa ya ba shi ranar suna. Ita yake fara shafawa da safe. Na ɗaga abin yankan, na dube ta, na ce a sake ta. Ba allura, ba yanka. Ina da kunya ai, ba a banza na tashi ba.

Da ya dawo ya zaga garken, ya kama kunnen wannan, ya kama na waccan. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya zauna bakin turke har rana ta faɗi, bai taɓa tuwonsa ba. Kwana huɗu bayan nan na taho.

Yanzu ga shi ta zo. Ban yi laifi ba, kuma za su gani.

Laraba, 26 ga Oktoba. Azahar

Garba ya rubuta amsa, ya kai gidan waya shi kaɗai. Da ya saba sai ya ja ni. Oho.

Alhamis, 3 ga Nuwamba. Bayan Magariba

Yau an kwashe mu masu shirin karatun dabbobi zuwa wata babbar gonar gwamnati bayan gari. Shanu reras a cikin gini, baƙi-da-fari, hantsa kamar tulu, ba tozo, ƙahon ma ba wani abin kirki. Kowace da lamba a kunne. Wata karsana ta tubure ta ƙi shiga inda ake tatsa, maza uku suna turawa suna zage-zage. Na cire kwat na ba wani ya riƙe. Na matsa ta gefenta, na sosa mata gindin wutsiya, na yi mata irin sautin da muke yi, na sa kafaɗa a wuyanta. Ta sauke numfashi ta bi ni kamar ni na haife ta. Sai wurin ya ɗauki tafi. Malama Donka har da cewa, ɗalibina ne! Wallahi na ji kaina ya yi girma, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Da ma a nan ranar ta tsaya. Likitan gonar, wani tsoho da ya taɓa aiki a Afirka, ya ja ni gefe muna hira da guntun Turanci. Na ba shi labarin bushiya. Ya ce maganin yana da kyau ƙwarai, sau ɗaya ya isa har saniya ta mutu, amma fa ba ya son zafi. In aka haɗa shi da ruwa, cikin rana, bayan awa biyu ruwa ne kawai kake tsira wa dabba.

Na sani ai. An koya mana. Amma ban taɓa zama na lissafa ranar ba sai yau. Da bakwai na haɗa. Ba mu gama ba sai da rana ta take, don bijimin garken ya ba mu wahala. Kuma da na buɗe filas a ƙarshe, ƙanƙarar ta zama ruwa. Yaushe ta narke, ban duba ba.

Juma'a, 4 ga Nuwamba. Safe

Da sanyinsa ruwan. Na tuna na tsoma yatsa, da sanyinsa.

Lahadi, 6 ga Nuwamba. La'asar

Ko kuwa a wani garken ne na tsoma yatsa?

Laraba, 9 ga Nuwamba. Azahar

Darasin sassan jiki. Ido, hanci, baki. Da aka zo kunne kowa ya kama nasa yana maimaitawa kamar 'yan aji ɗaya. Na nemi izini na fita, na tsaya a baranda ina kallon dutsen. Kansa ya yi fari.

In maganin ya mutu kafin in gama, to na yanka kunnen shanun mahaifina a banza. Kuma in sun faɗi, duk Gwandu za a ce allurar ɗansa ce ta jawo. Ba zai taɓa cewa komai ba. Haka zai yi shiru har ɗayanmu ya mutu, na san shi.

Litinin, 14 ga Nuwamba. Hantsi

Dusar ƙanƙara ta sauka. Garba ya fita ba hula yana ihu yana kamawa da baki, ya ɗebo a kwano ya kawo ɗaki wai zai ajiye ya nuna a Kalgo. Na ce Sarkin Ruwa, ai ka zo gida, ruwa har ta sama. Na yi dariya, ta gaske, ta farko cikin kwana goma. Kwanon na kan tebur, kafin mu dawo daga aji ta narke.

Ba wasiƙa.

Alhamis, 17 ga Nuwamba. Azahar

Na fi kowa a gwajin wata. Na biyu ɗan Habasha ne, kuma da nisa.

Asabar, 19 ga Nuwamba. Bayan La'asar

Na sauko da jakata daga kan kabad. Garba na kwance yana kallona har na gama ninke riguna, sannan ya tashi zaune.

"Ina zuwa?"

Na ce ofishin jakadancinmu, ranar Litinin, in ce a mayar da ni gida.

"Ka tahi ka yi mi? In sun mutu, tashe su za ka yi? In suna nan, mi ka koma nema?"

Na ce ba ruwansa, shi da bai san komai ba sai tarwaɗa. Ya ce tarwaɗar ta fi ni hankali, ita ba ta fita ruwa don fushi. Na ce kar ya ƙara. Ya ƙara. Ya ce girman kai ne ke cina, ba tausayin tsoho ba, so nake in je in tsaya a gabansa a ce ni ke da gaskiya. Na ɗaga hannu, wallahi na ɗaga. Bai ko ƙifta ba.

Sai ya ce, a hankali: "Na rubuta ma Yaya Lukuman tun wancan watan. Na ce shi hau keke shi tahi rugarku da rediyonshi mai kaset, shi ɗauko muryarsu. Ka jira. In ta zo ka ji, ni da kaina zan ɗaukar maka jaka."

Wa ya aike shi? Na zage shi tas, na ce wa ya ba shi izinin kai sirrin gidanmu Kalgo. Ya ce to. Ya tashi ya dafa mana shayi, ya zuba mini sukari uku yadda nake so. Jakar tana nan bakin ƙofa, ban kwance ba, ban kuma fita da ita ba.

Talata, 22 ga Nuwamba. Safe

Furar Kubura ta ƙare.

Litinin, 28 ga Nuwamba. Azahar

Malama Donka ta tsayar da ni bayan aji ta ce na rame, ko abincin ne? Na ce lafiya lau nake. Ta tambaya ko na ji daga gida. Na gyaɗa kai, irin namu, don in rufe maganar. Ita kuma ta karanta shi irin nasu. Ta dafa kafaɗata ta ce wasiƙa za ta zo. Na so in yi ƙarya, kaina ya faɗi gaskiya.

Juma'a, 2 ga Disamba. Bayan Juma'a

Na roƙi Allah abu ɗaya, ya bar wa Baffa garkensa. Ba sai an ce ni ke da gaskiya ba. Na janye wannan.

Laraba, 7 ga Disamba. Azahar

Takardar gidan waya ta zo da sunan Garba, ƙunshi ne, sai gobe za a ba shi.

Alhamis, 8 ga Disamba. Bayan La'asar

Sai na rubuta tun yana sabo.

Kaset ne a ƙunshin, mun aro rediyo wurin ɗan Sudan. Garba ya ce zai fita ya ba ni wuri, na ce ya zauna, ai shi ya jawo. Ya danna.

Muryar Lukuman ce ta fara, irin ta malaman makaranta, yana faɗin rana da wata, wai ga shi a rugar Malam Mamman bayan garin Gwandu. Sai Kubura. Kai, Kubura! "Hamma, kana jina? Wai da gaske ne ruwa ka daskarewa a hanci?" Ta ba ni labarin kowa, wanda ya haihu, wanda ya yi ƙaura, rijiyar da ta rufta. Ta ce maƙwabtanmu na yamma sun tashi sun koma cikin gari, ba abin da za su tsaya kiwo. Nan muryarta ta sauka. Ba ta ce komai a kan namu ba. Inna ta yi tari kusa da rediyon ta ce a ce wa mai tafiya ya riƙa rufe ƙirjinsa.

Lukuman ya ce, daga ɗan nesa, ko Baffa zai ce wani abu. Na ji muryar Baffa can: "Ni ba ni magana da akwati." Kaset ya yi ta juyawa, ba komai sai kaji da iska. Garba ya kai hannu zai kashe, na riƙe shi, don na ji ƙarar kofato. Garke ne ke dawowa.

Sai Baffa ya fara kira, yadda yake yi kullum da yamma. Wule. Ta amsa, na san kukanta, mai kauri ne. Woɗe. Ta amsa. Ɓale, Saye, Dake, Ole da 'yarta. Yana kira suna amsawa, ni kuma ina tsugune gaban rediyo ina bin su ɗaya bayan ɗaya da leɓena. Har bijimin da ya wahalar da mu, wanda muka yi wa ƙarshe da rana tsaka, ya yi ruri sai da rediyon ya girgiza. Garba ya buga cinyata ya ce: "Bahillace! Suna nan!" Na ce ya yi shiru. Akwai sunan da nake jira, wanda da shi ake farawa.

Kiran ya ƙare. Bai kira ta ba.

Takun Baffa ya matso. Ya ce: "Malam, akwatin ga shina ji har yanzu?" Lukuman ya ce yana ji. Sai Baffa ya ce:

"Guda ɗaya anka bari da kunnenta. Ita ɗai ta tahi." Ya yi gyaran murya. "Wa ya ce mai shi bar ta?"

Nan na kife. Ban san ina da irin wannan kukan ba. Ladabin da nake ta taƙama da shi, shi ya kashe Nore, kuma tsohon nan shi kaɗai ya haƙa mata rami, na san ba zai bari wani ya taɓa ba. Garba ya tsayar da kaset ya bar ni har na gama, bai yi mini ba'a ba, Allah ya saka masa. Sannan ya sake dannawa.

"Ka ce ma wancan, maruƙa tara na ɗaure kan dangwali, an haihe su bayan tahiyarshi. Ba wanda za ya taɓa kunnensu sai shi."

Shekara shida! Dariya ta kama ni cikin hawaye. Gobe zan rubuta a kai su Kalgo a yi musu huji kafin su shekara, ba za su jira ni ba. Garba ya ce in yi shiru, da saura.

"Shi zamna inda yake, shi ƙare abin da ya kai shi. Allah shi tsare. Allah shi yi mai albarka."

A gida da sunkuyar da kai zan yi in wuce kamar ban ji ba, haka ake yi. Nan ba mai ganina sai Garba. Na ce amin da ƙarfi, sau uku, har na ɗakin kusa ya buga mana bango.